Zaki Ba Zai Yi Mana Shari'ar Aure Ba

Akwai wani salon gardama da ya daɗe yana ba ni haushi, kuma sai ƙara yaɗuwa yake. Da zarar musu ya kaure a kan halin namiji da halin mace, wa ya kamata ya bi wa, wa ke iya riƙe amana wa ba ya iyawa, sai ka ga wani ya ruga daji ya jawo dabba ya tsayar da ita a matsayin shaida. Wanda ke son ya nuna namiji ba zai taɓa wadatuwa da mace ɗaya ba zai ce maka je ka kalli zaki. Wadda ke son ta nuna cewa zaman biyu-biyu shi ne asali za ta ce ai ko tattabara ba ta canza miji. Wani kuma ya taso da bidiyon kyarkeci, an sa masa kiɗa mai tada tsikar jiki, ana cewa ga "alfa" nan, namijin duniya, kowa a garke sai ya sunkuyar masa da kai. Daga nan sai a rufe bakin kowa da cewa ai ɗabi'a ce, haka halitta take, ba ka ja da halitta.

Ni dai ra'ayina shi ne a sallami dabbobin nan daga kotu. Duk abin da kake so ka tabbatar za ka samu dabbar da ke yin sa, abokin gardamarka ma zai samu tasa mai yin kishiyarsa, to shaidar da ke goyon bayan kowa ai ba ta goyi bayan kowa ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne yawancin masu kiran shaidar nan ba su san shaidar tasu ba, rabin labarin kawai suka ji, kuma da sun ji ɗaya rabin wallahi da kansu za su ce a bar zancen.

Mu fara da zakin tunda shi ne ya fi shan kira. Abin da mutane ke gani a bidiyo shi ne namiji ɗaya kwance da geza, mata kewaye da shi, sai su ce ga maigida da iyalinsa. Amma masu bincike irin su Craig Packer da Anne Pusey da suka shafe shekaru suna bin zakunan Serengeti a Tanzaniya tun wajen 1978 sun nuna cewa garken na mata ne. Zakanyoyin nan 'yan uwa ne, uwa da 'ya da yaya da ƙanwa, a nan aka haife su a nan za su mutu, ƙasar ma tasu ce. Mazan baƙi ne, kuma yawanci ba ɗaya ba ne, haɗin gwiwa suke yi su biyu ko uku ko fiye su ƙwace garke daga hannun wasu mazan, su riƙe shi wajen shekara biyu, wani lokacin ya ɗan fi haka, kafin wasu matasa su zo su fatattake su. Zakanya kuma idan lokacinta ya zo ba ta tsaya kan namiji ɗaya ba, tana iya barbara da fiye da ɗaya a cikin mazan garken. To sai babban abin da ba a sawa a bidiyo mai kiɗa: sababbin mazan da suka karɓe garke, aikinsu na farko shi ne kashe ƙananan 'ya'yan da suka tarar. Dalilin a fili yake, zakanya mai shayarwa ba ta komawa neman namiji sai 'ya'yanta sun kai wajen shekara ɗaya da rabi ko biyu, shi kuma baƙon nan lokacinsa ƙanƙani ne ba zai zauna jiran ɗan wani ya girma ba, idan aka kashe 'ya'yan cikin kwanaki ko 'yan makonni za ta dawo, ta ɗau ciki na kusan kwana 110 ta haifa masa nasa. A Serengeti kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zaki da ke mutuwa a shekararsu ta farko ta wannan hanyar suke mutuwa. Malam mai kafa hujja da zaki, wannan ma ɗabi'a ce fa, a cikin fakiti ɗaya suka zo da wancan ɓangaren da ya burge ka. Wa ya ba ka izinin ɗaukar ɗaya ka bar ɗaya?

Yanzu masu tattabara kar su yi saurin tafi, nasu na zuwa. Gaskiya ne tsuntsaye sun fi kowa zaman biyu-biyu, wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila David Lack ya ƙiyasta a 1968 cewa wajen kashi 90 cikin 100 na nau'o'in tsuntsaye haka suke zama, alhali a cikin dabbobi masu shayarwa ba su kai kashi 10 ba. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin amana tsantsa. Sai a 1984 Alec Jeffreys ya gano hanyar gwajin DNA da ke iya nuna wane ne uban wane, masu binciken tsuntsaye suka ɗauki gwajin suka shiga sheƙa-sheƙa, aka sha mamaki. A mafi yawan nau'o'in da aka gwada an samu 'yan tsaki a cikin sheƙa waɗanda ba namijin da ke wahalar kawo musu abinci ne ubansu ba. Akwai wani ɗan tsuntsu mai shuɗin kai a Ostiraliya da ake kira feri-ren, mace da namiji suna zama tare shekara da shekaru, amma da aka yi gwaji sai aka tarar fiye da rabin 'ya'yan na maƙwabta ne, macen kan sulale tun kafin gari ya waye ta je wajen namijin da ta zaɓa ta dawo kamar ba a yi ba. Ashe zama tare daban, haihuwa tare daban.

Labarin da ya fi ba ni dariya a wannan fannin shi ne na wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira danok, yana da yawa a lambunan Turai, ba shi da wani ado ko kaɗan. A wajen shekarun 1850 wani limamin coci a Ingila mai suna F. O. Morris, mai sha'awar tsuntsaye, ya rubuta yana yabon tsuntsun nan, yana kira ga mutane su yi koyi da shi saboda kamun kai da tawali'u da rashin rawar kai. Fiye da shekara ɗari bayan haka sai Nick Davies na Jami'ar Kambirij ya sa wa danok ɗin da ke lambun jami'ar zobba masu launi a ƙafa don ya gane kowane, ya zauna yana kallon su shekara da shekaru. Abin da ya gani: a lambu ɗaya akwai mace ɗaya da namiji ɗaya, akwai namiji ɗaya da mata biyu, akwai mace ɗaya da maza biyu, akwai kuma maza biyu da suka haɗa mata biyu ko uku ko huɗu a tsakaninsu. Macen da ke da babban namiji mai gadinta takan yi dabara ta ɓace masa cikin duhuwar shinge ta sadu da ƙaramin, saboda duk namijin da ya samu rabo a wajenta zai taya ta ciyar da 'yan tsaki, baki biyu masu kawo abinci sun fi ɗaya. Shi kuma namiji kafin ya hau ta sai ya tsaya a bayanta yana saran al'aurarta da baki, sara bayan sara, har sai ta fitar da ɗigon maniyyin wanda ya riga shi, sannan ya yi nasa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan shi ne tsuntsun da liman ya ce a yi koyi da shi. Bawan Allah bai yi ƙarya da gangan ba, ya kalli gashin tsuntsu ya ga ba ƙyale-ƙyale, sai ya ɗora masa halin da yake so mabiyansa su yi. Abin da masu bidiyon zaki ke yi ke nan yau, bambancin kawai halin da suke so a yi.

Ba ma sai an jira gwajin DNA ba fa, wanda ya zauna ya kalla da kyau ya sani tun da can. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rayu a ƙarni na 9, a cikin littafinsa Kitabul Hayawan ya kawo maganar wani mai kiwon tattabaru da ke cewa duk wani hali da ya gani tsakanin maza da mata na mutane ya gan shi a cikin tattabaru, akwai wadda ba ta kula kowa sai mijinta, akwai wadda ba ta korar kowa. Mai kiwo ya san dabbarsa, mai wa'azi da ita ne yakan jahilce ta.

Batun kyarkeci ma ya fi muni, don shi wanda ya yaɗa labarin da kansa ya fito ya janye shi amma duniya ta ƙi ji. Asalin abin daga binciken Rudolf Schenkel ne da aka wallafa a 1947, ya yi shi a kan kyarketai da aka tsare a gidan zu na Basel a Suwizalan, an kwaso su daga wurare daban-daban ba su san juna ba aka cusa su wuri ɗaya, to me za su yi in ba faɗa ba? Daga nan aka samo hoton namiji mai ƙarfi da ke danne kowa ya hau kan mulki. David Mech, masanin kyarketai ɗan Amurka, ya saka wannan a littafinsa na 1970 wanda ya yi kasuwa sosai. Daga baya ya riƙa zuwa tsibirin Ellesmere a can arewacin Kanada yana kallon kyarketai a inda suke rayuwa da kansu, sai ya ga garken kyarkeci iyali ne kawai, uba da uwa da 'ya'yansu na bana da na bara, shugabannin nan da ake ta zuzutawa iyaye ne ba wasu zaratan da suka ci yaƙi ba, 'ya'yan in sun girma su bar gida su nemi abokin zama su kafa nasu. A 1999 ya wallafa gyara, ya kuma daɗe yana roƙon kamfanin ɗab'i ya daina buga tsohon littafin. Amma har yau akwai masu karɓar kuɗin samari a intanet suna koya musu yadda za su zama alfa, a kan halin dabbobin da ke cikin kurkuku.

To me ya sa dabbobi suka bambanta haka? Nan ne ilimin yake da daɗi, kuma nan ne ya kamata a tsaya a karanta maimakon tsinto misali ɗaya a gudu. Charles Darwin ya taɓa rubuta wa abokinsa Asa Gray a 1860 cewa ganin gashin wutsiyar dawisu na sa shi jin rashin lafiya, saboda ya kasa gane amfanin wannan kaya mai nauyi ga tsuntsun da ke buƙatar tserewa maƙiya. A 1871 ya fito da amsarsa: wasu siffofin ba don tsira suke ba, don samun mace ne, ko dai ta hanyar doke sauran maza ko ta hanyar burge macen. Ko kana tare da Darwin a sauran maganganunsa ko ba ka tare da shi, wannan ɓangaren an gwada shi a fili. A 1982 Malte Andersson ya je Kenya wajen wani baƙin tsuntsu da namijinsa ke da wutsiya mai tsawon kusan rabin mita, yana tashi sannu-sannu a kan ciyawa yana jan ta kamar jela don mata su gani. Sai ya kama mazan, ya datse wa wasu wutsiya, ya ɗauki guntun da ya yanke ya manna wa wasu da gam ta ƙara tsawo fiye da yadda aka halicce su, wasu ya yanke ya mayar musu yadda take don a tabbatar ba yankan ne ke aiki ba, ya sake su duka. Matan suka fi yin sheƙa a yankin masu wutsiyar jabu. Kai ka ji, almakashi da gam kawai, amma an amsa tambayar da aka shekara ɗari ana musu a kanta.

Bayanin da aka fi yi shi ne na wa ya fi zuba jari. Ƙwan mace babba ne kuma ƙidayayye, maniyyin namiji ƙanana ne kuma birjik, in aka ƙara da ɗaukar ciki da shayarwa sai ka ga mace ce ke da asara mai yawa idan ta yi zaɓen tumun dare, shi ya sa ta fi tsantseni, maza kuma suka fi kokawa a kanta. Angus Bateman ya yi gwaji da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace a 1948 ya kafa tushen wannan tunani, Robert Trivers ya faɗaɗa shi a 1972. Kuma akwai inda abin ya fito ƙuru-ƙuru, kamar wata dabbar teku da ake kira sil, irin mai hanci kamar na giwa, a gaɓar Kalifoniya, inda namiji ke ninka mace nauyi sau uku ko fiye, 'yan tsirarun ƙarti ke mamaye matan bakin teku gaba ɗaya. Masu son wannan misalin sukan manta su ƙara da cewa mafi yawan mazan sil har su mutu ba sa samun mace ko ɗaya. Kowa in yana ba da labarin nan a matsayin ƙaton yake ganin kansa, ba wanda ke lissafa kansa cikin 'yan kallo.

Amma lura da abin da Trivers ya ce, wanda ya fi zuba jari ya ce, bai ce mace ba. Inda namiji ne ke ɗaukar wahalar sai komai ya juye. Akwai tsuntsun ruwa mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado, jakana, ana samun sa a Afirka da Asiya da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. A yawancin nau'o'insa mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, ita ke kare yanki, ita ke faɗa da sauran mata, tana iya riƙe maza biyu ko uku ko huɗu, ta saka wa wannan ƙwai ta wuce ta saka wa wancan. Namijin ne ke kwanci, shi ke renon 'yan tsaki, in haɗari ya taso ya kwashe su a ƙarƙashin fukafukansa ya ruga, ba abin da za ka hango sai ƙafafunsu na reto. Stephen Emlen ya gani a Panama cewa idan aka cire macen da ke riƙe da yanki, wata macen kan shigo ta kashe 'yan tsakin da ta tarar don namijin ya dawo ya karɓi nata ƙwan. Aikin zaki sak, amma mace ke yi. Ɗan kifin da ake kira dokin teku kuma namijin ne ke ɗaukar ciki, mace ta zuba masa ƙwai a wata jaka da ke cikinsa, shi zai yi naƙuda ya haife su. Namijin babban tsuntsun fengwin na Antatika yana ɗora ƙwai ɗaya a kan ƙafafunsa ya rufe da fatar cikinsa wajen wata biyu a tsakiyar hunturu, in an haɗa da lokacin neman aure yakan yi kusan wata huɗu bai sa komai a baki ba, macen tana can teku tana kiwo. Ko gwajin Bateman ɗin ma da Patricia Gowaty da abokan aikinta suka maimaita shi a 2012 sun gano akwai matsala a yadda ya ƙirga 'ya'yan ƙudajen, kuma an riga an tara misalai da yawa na matan da ke amfana da saduwa da maza fiye da ɗaya. Sarauniyar kudan zuma a tashinta na aure takan sadu da maza goma sha wani abu a sararin sama, kowanensu yana gamawa ya faɗo matacce, ita kuma ta adana maniyyin tana amfani da shi shekaru.

Kura fa? Kura mai dabbare-dabbare mata ke mulki, sun ɗan fi maza girma, namijin da ya shigo daga wani garke ko 'yar ƙaramar mace ta fi shi matsayi a wajen cin nama. Al'aurar macen ta yi kama da ta namiji sosai har mutane a ƙasashe da dama suka daɗe suna cewa kura mata-maza ce, tun zamanin Aristotle ake wannan maganar kuma shi kansa ya musanta ta. Ta wannan siririyar hanyar take haihuwa, shi ya sa haihuwar fari ke da haɗari a gare ta da ɗan. Kay Holekamp ta fara bin kurayen Masai Mara a Kenya tun 1988, kuma ga zaki ga kura a fili ɗaya, suna cin nama iri ɗaya suna ƙwace wa juna, amma tsarin zamansu ya sha bamban. Wanne ne "halitta" a cikinsu?

Zan iya ci gaba har gobe. Akwai wani kifi mai ratsin ruwan lemo da fari da ke zama cikin wata halittar teku mai kama da fure, dukkansu maza ake haifar su, babban cikinsu ya rikiɗe ya zama mace, in ta mutu na biye da ita ya rikiɗe. A gidan zu na Chester a Ingila a 2006 wata ƙatuwar guzar Komodo ta saka ƙwai masu rai ba tare da ta taɓa haɗuwa da namiji ba. Gizo-gizo mai jan baya na Ostiraliya, namijin da kansa yake wuntsilawa ya kai cikinsa bakin macen ana tsakiyar barbara, kuma sau da yawa ta cinye shi. Akwai kifin da ke ɗauke da ƙwai har miliyan 300 ya watsa a teku ya yi gaba, akwai giwa mai ɗaukar ciki wata 22 ta haifi ɗa ɗaya ta yi shekaru tana renonsa. Ba wanda na taɓa ji ya ce mu yi koyi da gizo-gizon.

Na san abin da wani zai ce, ka bar kifi da gizo-gizo, ka kawo waɗanda suka fi kama da mutum a jiki. To ga su. Gorila namiji ɗaya ne mai farin baya da mata da yawa. Gibon na dazukan Asiya yawanci biyu-biyu suke zama har suna rera waƙa tare da asuba. Cimfanzi kowa da kowa ne, mace na iya saduwa da mazan garke da dama. Bonobo, wanda ya yi kama da cimfanzi kamar an tsaga kara, mata ne ke haɗa kai su juya garke. Oranguta kuma kusan zaman kaɗaici yake yi, macen ta haihu sau ɗaya a shekara bakwai ko takwas. Birai biyar, tsari biyar. Ko a nan ɗin ma sai dai ka zaɓi wanda ya yi maka, kuma da zarar ka zaɓa to ba birin ne ya faɗa maka abin da ya dace ba, kai ka zo da ra'ayinka daga gida ka nemi birin da zai sa maka hannu.

A ce ma duk dabbobin duniya sun haɗu a kan tsari ɗaya, har yanzu da sauran magana. Masanin falsafa David Hume ya lura tun a ƙarni na 18 cewa mutane kan tsallaka daga "haka abu yake" zuwa "haka ya kamata a yi" ba tare da sun nuna gadar da suka bi ba. Agwagwa namiji na yi wa mace fin ƙarfi, wannan sananne ne ga duk wanda ya san agwagi, akwai tsuntsun da ke saka ƙwansa a sheƙar wani ɗansa ya ƙyanƙyashe ya turo 'ya'yan masu gida ƙasa, duk suna faruwa kullum kuma ba mai hankalin da zai ce saboda haka sun halatta. Mutum yana da addini, yana da hankali, yana da doka, yana da alƙawarin da ya ɗauka da bakinsa, a nan ake neman hukuncin zaman aure. Mai hujja daga can ya kawo ta a tattauna. Ni abin da na lura shi ne mutum ba ya komawa wajen zaki sai hujjarsa ta can ta yi rauni, ko kuma yana son ya yi abin da ya san ba zai iya kare shi da sunansa ba sai ya ce jini ne, ba laifina ba ne.

Wannan ba yana nufin ilimin ba shi da amfani ba, ni a ganina ma raina shi aka yi da aka mayar da shi makamin faɗan maza da mata. Abin da yake koyarwa na gaske shi ne yanayi ke tsara zama: ina abinci yake, a tare ko a warwatse, ɗa na iya rayuwa da mai reno ɗaya ko sai biyu, maƙiya nawa ne. Davies ɗin nan na danok ya gwada, ya riƙa zuba abinci a wasu wurare na lambun, matan da suka samu abinci kusa suka rage yawo yankinsu ya tsuke, sai ya zama namiji ɗaya na iya tsare mace ɗaya ko ma biyu, tsarin auren ya canza saboda tsaba kawai. Tsuntsu ɗaya, jini ɗaya, lambu ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai cewa "a jini yake" ya ɗan rage murya.

Kuma inda sanin nan ke da tasiri kai tsaye shi ne a kan dabbobin da kansu, waɗanda mu ke hargitsa musu haihuwa muna can muna musu da sunansu. Tsuntsun albatros yana cikin masu daɗewa da abokin zama ɗaya, ƙwai ɗaya tak suke sakawa a kaka, kuma sai iyaye biyu sun yi karɓa-karɓa kafin ɗan ya rayu. Wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan albatros na tsibiran Falkland da ke kudancin tekun Atlantika ya nuna a shekarun da ruwan teku ya yi ɗumi rabuwar ma'aurata na ƙaruwa, daga wajen kashi 1 har zuwa kusan kashi 8 cikin 100, abinci ya yi nisa, ɗaya ya makara bai dawo kan lokaci ba, gida ya watse. Kunkurun teku kuma zafin rairayin da aka binne ƙwai a ciki ne ke yanke ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace, in ya wuce wajen digiri 29 a ma'aunin Selshiyas mata ke rinjaye. A 2018 aka wallafa sakamakon binciken koren kunkuru na arewacin Great Barrier Reef, wani dogon jerin duwatsun murjani a tekun Ostiraliya, an tarar fiye da kashi 99 cikin 100 na matasan da suka fito daga can mata ne. Kunkurun nan sai ya yi shekara ashirin ko talatin ko fiye kafin ya fara haihuwa, ma'ana ƙarancin mazan ba yanzu zai nuna ba, sai tsofaffin mazan da ke aiki yau sun ƙare. Yanzu haka akwai masu gwada yi wa ramukan ƙwai inuwa da yayyafa musu ruwa don rairayin ya ɗan huce a samu maza, kuma wanda ya san ya kamata a yi hakan ya san shi ne don wani ya zauna ya kalli yadda kunkuru ke haihuwa saboda kunkurun.